Ku bar zancen ƙara, ku tambayi wa ke riƙe da sifana

Akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a bakin masoya mota, tun daga tsofaffin direbobin tasha har samarin da ke raba dare suna kallon bidiyon tsere a waya. Wai motar lantarki ba mota ba ce, firji ne aka saka wa taya. Ba ta kuka, ba ta hayaƙi, ba a saka mata giya, don haka ba ta da rai.

Maganar nan tana ɓata mini rai, kuma ba don ina kishin motar lantarki ba. Ni mutumin tsohuwar mota ne. Abin da ke damuna shi ne muna zubar da yawunmu kan gardamar da ba ta da amfani, alhali wadda ta shafe mu tana wucewa ta gabanmu ba mu ko ɗaga kai.

Ga matsayina tun da wuri. Abin da ya sa muke son tsofaffin motoci ba ƙarar salansa ba ce. Muna son su ne don in sun lalace mai su ko bakanikensa na iya buɗe su ya gyara, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Wannan ikon shi ake ƙwacewa daga hannunmu a hankali, kuma ba lantarki ne ke ƙwace shi ba, kamfanoni ne. Sun fara tun da motocin fetur.

Batun gudu dai an gama shi

Bari mu kawar da wannan tukuna. A jihar Colorado ta Amurka akwai dutsen Pikes Peak, inda ake tseren hawa duk shekara. Hanyar ta kai kusan kilomita 20, kwana 156, kuma ana ƙarewa ne a tsayin da ya haura mita 4,300. A 2013 Sébastien Loeb ya hau shi da Peugeot 208 T16 cikin minti 8 da daƙiƙa 13, aka ce za a daɗe ba a ga irin wannan ba. A 2018 Romain Dumas ya zo da motar lantarki ta Volkswagen mai suna ID.R ya gama cikin minti 7 da daƙiƙa 57.

Dalilin ba wani siddabaru ba ne. Injin fetur da iska yake numfashi, kuma yayin da ake hawa sama iskar tana raguwa, ƙarfinsa na raguwa tare da ita. Injin lantarki bai damu da iska ba. Ƙarfin da ya tashi da shi a gindin dutse, da shi zai isa ƙololuwa. Ga shi kuma da an taka totur yake ba da dukan ƙarfin juyinsa, ba sai ya jira inji ya ɗauki zafi ko an sauke giya ba.

A Goodwood ta Ingila ma haka aka yi. Motar Formula 1 ta McLaren ta hau gajeren tudun da ake tsere a kansa a can cikin daƙiƙa 41.6 a 1999, tarihin ya zauna shekara 20 babu wanda ya taɓa shi. A 2022 wata 'yar mitsitsiyar motar lantarki, McMurtry Spéirling, ta yi shi cikin daƙiƙa 39.08. Abin dariya, wannan motar ta fi motocin fetur da yawa ƙara, domin tana da fankoki a ƙarƙashinta da ke zuƙe iska su manna ta da kwalta.

Wanda duk ya ce motar lantarki ba ta gudu, bai kalli tsere ba tun shekaru goma da suka wuce.

Amma numfashinta gajere ne

Masu sukar suna da gaskiya a wuri ɗaya, sai dai ba shi suka fi kawowa ba. Ku lura duk tarihin da na lissafa na 'yan mintuna ne ko daƙiƙu.

Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashin da ya kai wajen kilowat-awa 9. Batirin Hyundai Ioniq 5 N, wadda aka ƙera musamman don masu son shiga filin tsere, kilowat-awa 84 ne. Wato duk wannan tulin batirin bai kai makamashin lita goma ba. Gaskiya ne injin lantarki ba ya ɓarna, kusan duk wutar da ya sha tana zuwa taya, shi kuwa na fetur yana asarar fiye da rabin mansa a zafi da hayaƙi. Duk da haka tankinta ƙarami ne, kuma mai nauyi. Motar ta haura tan biyu. Tsohuwar Peugeot 504 ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba.

A filin tsere nauyi ba ya ɓuya. Yana cin taya, yana gasa birki, yana tura mota waje a kwana. Tankin fetur yana sauƙi yayin da ake ƙona mai, shi batir nauyinsa ɗaya ne ko cike ko fanko. Sannan in ka matsa masa zai ɗauki zafi, ƙwaƙwalwar motar ta rage maka ƙarfi da kanta don kada ya lalace. Sai ka fito, ka nemi wurin caji, ka zauna kana kallon abokanka suna zagayawa.

Gasar Formula E ta motocin lantarki zalla da aka fara a Beijin a 2014 ta nuna wannan ƙarara. A kakanni huɗu na farko, direba kan shigo tsakiyar tsere ya yi tsalle daga mota ɗaya ya faɗa wata, domin batir ba ya kaiwa ƙarshe. Sai a ƙarshen 2018 aka kawo motar da ke iya gama tseren da caji ɗaya. A Le Mans ta Faransa, inda ake gudu awa 24 ba tsayawa ana cin wajen kilomita 5,000, har yau masu haɗa fetur da lantarki ne ke kan gaba. Motar Audi da Carlos Sainz ya ci gasar Dakar da ita a Saudiyya a 2024 lantarki ne ke juya tayoyinta, amma tana ɗauke da injin mai a cikinta yana yi mata caji tana tafiya.

Ga kuma wuta. Batirin lithium in ya kama, ba ya jin irin kashin da aka saba, yana iya lafawa ya sake tashi bayan awanni. A watan Maris na 2019 gobara ta cinye dukan baburan lantarki na gasar MotoE a filin Jerez na Sifen kafin ma a fara kakar. A 2023 filin Summit Point na Amurka ya hana motocin lantarki shiga tserensa saboda irin wannan fargabar. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma matsalolin injiniyoyi ne, kuma kowace shekara suna rage su.

Ƙarar da ake kuka a kai

Kamfanoni sun ji koken masu son ƙara, sun kuma amsa. Ioniq 5 N ɗin nan tana da lasifika ciki da waje da ke kukan injin da babu shi. An ma koya mata ta riƙa fizga kamar ana canza giya, alhali ba ta da giyar da za a canza. Dodge ma ta saka irin wannan kukan ƙarya a sabuwar Charger ta lantarki.

To ga ƙara an ba ku. Ran motar ya dawo?

In da ƙara ce rai, da lasifika ta gama maganar. Wanda ya taso da tsohuwar mota ya san ƙarar tana da daraja ne saboda tana ba da labari. Bakanike na gaske kan sa kunne ya ce maka filogi ɗaya ba ya ci, ko fanbel ya saki, ko kafireto na shan mai fiye da kima. Kukan da aka naɗa aka saka a lasifika ba ya gaya wa kowa komai game da lafiyar mota.

Yadda 504 ta kayar da Stratos

A gasar Safari ta Kenya a 1975, kamfanin Lancia ya zo da Stratos. Mota ce da aka ƙera tun daga tushe don tsere kawai, injinta na Ferrari ne, direbobinta Sandro Munari da Björn Waldegård, manyan zakarun wancan zamanin. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, a cikin Peugeot 504 mai ƙofa huɗu. Stratos biyun suka biyo bayansa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin gasar da wata 504 ɗin mai ƙofa biyu. Haka motar ta yi ta cin tsere a Maroko da Kwaddibuwa a waɗannan shekarun.

Safari ta wancan lokacin dubban kilomita ce cikin laka da ƙura da duwatsu, a kan hanyoyin da jama'a ke bi. Ba wanda ya fi gudu ke ci ba. Wanda motarsa ta fi jure duka ne, kuma in ta karye aka ɗaure ta a gefen hanya aka ci gaba.

A shekarar da Andersson ya ci gasar aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna. An ci gaba da haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ƙera ta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya daga Kano zuwa Legas, ita ce ke haura iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da kaya har saman rufi. Injinta bai kai ƙarfin doki ɗari ba. Ba wanda ya saye ta don gudu.

Abin da ta mallaka shi ne in ka ɗaga bonet kana ganin komai, hannunka na kaiwa ga komai. Da sifana mai lamba 10 da 13 da 17, da sukudireba da filaya, an gama rabin aiki. Kwantak ya ƙone, a goge shi da takardar yashi. Lagireto ya huje, a kai wa mai walda. Kayan gyaranta suna Ƙofar Ruwa, abin da ba a samu ba kuma 'yan Panteka su ƙera shi. Yaron da aka kai gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, kafin ya yi gemu ya iya sauke injinta ya mayar. Motar ta raya direba, ta raya bakanike, ta raya mai sayar da kayan gyara, kuma babu ɗayansu da ya taɓa aika wa Faransa takarda yana neman a sahale masa.

Wannan shi ne abin da muke kewa, ko da bakinmu na cewa ƙara.

Kada dai son ya rufe mana ido. Masu cewa "ƙarfen da ya fi na yanzu" su nemi gwajin da wata cibiyar inshora ta Amurka ta yi a 2009, inda aka gwabza Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Tsohuwar ta murƙushe har cikin wurin zaman direba, sabuwar kuwa gabanta ne ya lotse, ɗakinta ya tsaya. An ƙera motar zamani ne ta mutu a madadin mai ita. Tsohuwar mota ta fi shan mai, ta fi hayaƙi, kuma ta fi kisa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da ranar haɗari.

Inda aka fara kulle ƙofa

Zuwan kwamfuta cikin mota bai kashe bakanike ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a ƙasar ta zo da mashiga iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD-II, Turai ta biyo baya. Albarkacin wannan dokar ce yau bakanike a Kano ke jona 'yar na'ura da wayarsa ya karanta abin da ke damun Corolla ko Accord. Doka ce ta tilasta wa kamfanoni buɗe ƙofar, ba kirkinsu ba. Makanikanmu kuma suka koya, da yawansu ba tare da sun shiga aji ba.

Yanzu ana mayar da ƙofar ana rufewa. Daga motocin 2018, kamfanin Fiat Chrysler ya fara saka wani shinge tsakanin wannan mashigar da ƙwaƙwalwar mota. Kana iya karanta ciwon, amma ba ka iya goge shi ko gwada wani sashe sai ka yi rajista, ka biya, na'urarka kuma ta samu amincewa ta intanet. Wasu kamfanonin sun bi sahu. A motoci da yawa yanzu, ko ka samo kayan gyara na asali ka ɗaura, ba zai yi aiki ba sai an gabatar da shi ga ƙwaƙwalwar motar da manhajar kamfani.

Abin bai tsaya nan ba. A 2022 BMW ta nemi masu motocinta a wasu ƙasashe su riƙa biyan kuɗin wata-wata kafin a kunna musu ɗumin kujera, alhali wayoyin ɗumin suna cikin kujerar tun daga masana'anta. Sai da aka yi mata ca sannan ta janye a 2023. Mercedes ta tallata wa masu wasu motocinta na lantarki a Amurka ƙarin ƙarfin gudu a kan dala 1,200 a shekara. Injin naka ne, ƙarfin yana cikinsa, amma makullin yana wajensu. Tesla ta taɓa toshe wa motocin da aka farfaɗo da su bayan haɗari damar cajin gaggawa a tashoshinta, daga nesa, ba tare da ta taɓa motar ba.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne labarin Fisker, wani kamfanin motocin lantarki na Amurka. Kamfanin ya durƙushe a 2024, ya bar mutane da sababbin motoci waɗanda abubuwa da yawa a cikinsu suka dogara da kwamfutocin kamfanin. Sai da masu motocin suka kafa ƙungiya suna fafutukar samun manhaja da kayan gyara. Motar da ba ta cika shekara biyu ba ta zama marainiya. Ita 504 an daina ƙera ta, amma har gobe tana ɗaukar buhunan hatsi ranar kasuwa.

"Ai don lafiyarku aka kulle"

Wannan ita ce hujjar kamfanoni, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. A 2015 wasu masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga ƙwaƙwalwar wata Jeep Cherokee daga nesa suka kashe mata ƙarfi tana kan babbar hanya. Sai da aka janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Ba wanda ke son ɓarawo ya iya buɗe motarsa da waya.

Amma kare mota daga baƙo daban, kare ta daga mai ita daban. Ana iya ba mai mota makullin manhajar kamar yadda ake ba shi makullin ƙofa, shi ya zaɓi bakaniken da zai miƙa wa. Mutanen jihar Massachusetts sun kaɗa ƙuri'a kan wannan a 2020, wajen kashi 75 cikin ɗari suka ce a ba masu mota da ƙananan gareji damar bayanan. Kamfanonin suka garzaya kotu. Da tsaro ne kawai damuwarsu, da ba su sa wa makullin farashi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: batirin motar lantarki na ɗauke da bolt 400, wasu 800. Wannan kisa ne nan take. Bakaniken da ya saba gwada waya da tartsatsi, ko ya taɓa da ɗan yatsa ya ji ko akwai wuta, in ya yi haka da wayoyin nan masu ruwan lemo sai dai a yi masa sallah. Dole a sami safar hannu mai jure bolt 1,000, da sifanu masu rufi, da sanin yadda ake cire fis ɗin batir a jira kafin a sa hannu.

To amsar haɗari ai koyarwa ce. Ɓoye littafin gyara ba ya hana bakanike buɗe mota, sai dai ya sa ya buɗe ta a makance. Duk wanda ya san garejinmu ya san ba a mayar da mota a ce "ba mu iya ba". Za a buɗe ta ko da littafi ko babu.

Abin takaicin ma, motar lantarki ta fi ta fetur sauƙin ciki nesa ba kusa ba. Babu baƙin mai, babu filogi, babu kuloci, babu salansa. Inji ne mai naɗin waya, da batir, da na'urar da ke sarrafa wuta tsakaninsu. Masu rewaya da masu haɗa sola da gyaran inbata sun riga sun san rabin karatun. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan motocin bas yana mayar da su masu batir. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt mai batir a Amurka. Ba kai muka rasa ba.

Abin da zai iso mu

Na san wani zai ce mu da wutar gida ma ta gagare mu, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne ba mu muke zaɓar motar da za mu hau ba. Abin da Bature da Ba'amurke suka saya sabo yau, shi za a sauke mana a Kwatano da Legas nan da shekara goma ko sha biyar. Garantin batir galibi shekara takwas ne. Wato za su iso mu ne bayan kamfani ya wanke hannunsa, batir ya fara gajiya, kuma cikin tsananin zafinmu. Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da sanyaya ta ruwa, ta nuna haka a jihar Arizona mai zafi, inda masu ita suka yi ta ƙorafin batir na zubewa da wuri. Watan Afrilu a Sakkwato ko Agadez ba zai yi mata sauƙin da Arizona ba ta yi ba.

Batir kuwa ba dunƙule ɗaya ba ne. Ɗaruruwan ƙwayoyi ne, wani lokaci dubbai, aka jera rukuni-rukuni. Sau da yawa rukuni ɗaya ne ke raunana ya ja sauran ƙasa. In batirin na kwancewa ne, kuma ƙwaƙwalwarsa ta yarda a yi mata magana, ana canza wannan rukunin mota ta tashi. In kuwa an cika shi da gam an manne shi da jikin motar, kamar yadda wasu kamfanoni suka fara yi, sai dai a canza gaba ɗaya, a kan kuɗin da ya fi darajar motar.

Saboda haka abin da nake so hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya da masu tsara dokar shigo da motoci su yi ba mai wuya ba ne. Duk kamfanin da ke son sayar da mota a ƙasar nan, ta fetur ko ta lantarki, ya ajiye littafin gyaranta da manhajar duba ta inda ƙaramin gareji zai samu a farashin da zai iya biya. Makarantun koyon sana'a su fara koyar da aikin babban bolt yanzu, su kuma buɗe ƙofa ga makanikan da ke bakin aiki, ba sai masu takardar sakandare kaɗai ba. Ƙungiyoyin makanikai su nemi wannan da bakinsu tun motocin ba su cika gareji ba.

Mai shirin saye kuma, kafin ya tambayi dila gudun motar, ya tambaye shi ko batirinta na kwancewa rukuni-rukuni, da kuma sunan garejin da ya taɓa buɗe irinsa a garin.